A Jikin Wa Aka Koyi Likitanci?

Duk wanda ya taɓa koyon magani a ƙasar nan, a jikin wani ya koya. Ɗan wanzami a kan yaron maƙwabta ya fara gwada aska, ɗan maɗori a ƙafar wanda ya faɗo daga bishiya, ɗalibin likita kuwa a hannun tsohuwar da aka kawo daga ƙauye, wadda ba ta ma san mai farar rigar da ke laluben jijiyarta bai gama karatu ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A asibitocin gwamnati na yi aiki har na yi ritaya, daga baya na ɗan taɓa aiki a wani asibitin kuɗi da ke karɓar ɗalibai. To idan na zauna a gidan biki na ji iyaye mata sun kaure da musu a kan wanda ya fi tarbiyya, yaron da ya yi likitanci a jami'ar gwamnati ko wanda ya yi a jami'ar kuɗi, sai in ga an bar jaki ana dukan taiki. Waɗancan su ce 'yan jami'ar kuɗi sayen takarda suka yi. Waɗannan su ce 'yan gwamnati ba su san darajar mutum ba, sai tsawa da harara. Kowa da 'yar gaskiyarsa. Amma halin likita a bakin gado ake ɗaukarsa, daga wanda yaro ya tsaya a bayansa yana kallo, kuma tarihin wannan tsayuwa ya girmi jami'o'in duka biyu.

Tun kafin Bature ya zo da kinin da aidin, masu taɓa jikin mutane suna da tsarinsu na horo. Yaron gidan wanzamai yakan daɗe yana rataye da zabirar ubansa kafin a miƙa masa aska. Shi ne wanke ƙaho, shi ne wasa aska, shi ne riƙe kan jariri ranar suna. A tsawon wannan lokaci yana koyon yadda ake sallama a ƙofar gida a jira izini, da yadda ake ratsa tsakar gidan kulle ido na ƙasa, da cewa abin da aka gani a ɗakin mai jego ba ya biyo mutum zuwa zaure. Wanzami ya san mai fama da basir a unguwa, ya san gidan da kaciya ta ba da wahala, da zai buɗe baki da gari ya yamutse. Maɗorai da yawa ba sa yanka farashi, abin da aka ba su shi ne nasu, don sun yarda cewa ranar da gadon gida ya zama ciniki, ranar albarkarsa za ta tashi. Babu wanda ya rantsar da su. Gari dai ya san ƙofar gidansu, ga Sarkin Aska a sama, ga sunan kakanni da ake gudun zubarwa. Ba kuma ina yabon zamanin ba ne gaba ɗaya. Na yi jinyar matan da yankan gishiri ya bar su da yoyon fitsari, na karɓi jariran da aka kawo jini na zuba bayan cire belu. Masu wannan aika-aika da sallama suka shiga gidan, da ladabi suka fita.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin asibiti ne na En'e, irin waɗanda ake kira dispensa. A Zariya aka horar da shi, aka tura shi wani gari mai hakimi da kasuwar mako, inda asibitin duka ɗaki biyu ne da rumfa. Tarbiyyar da aka ba su ta lissafi ce da tsoro. Kowace ƙwaya a rubuce take a rajista. In Likita ya zo rangadi sai ya zazzage kwalba ya ƙirga, ya gwada da littafi, in aka sami giɓi mutum ya san sauran. Ga kuma hakimi, wanda ke iya aiko dogari idan talaka ya kai ƙara, don kowa ya san daga harajin da ake tarawa a baitulmali aka biya karatun dispensa, daga nan kuma albashinsa ke fita. Baba yakan ja wandon kakinsa ya ce mana, "Wannan haraji ne da jangali a jikina." Duk da haka, tun a lokacin akwai masu allurar dare. Mutanenmu sun fi yarda da allura a kan ƙwaya, balle da penisilin ya shigo, sai wasu malaman asibitin suka gano cewa abin da ake bayarwa kyauta da hantsi ana iya sayar da shi bayan lisha a zauren gida.

Turawan mulki sun daɗe ba su bar ɗan ƙasa ya zama cikakken likita a gida ba. Da suka buɗe makarantar likitanci a Yaba ta Legas a 1930, sai suka yi mata murfi: yaro ya sha karatu na shekaru, a ba shi takardar da ba ta aiki ko'ina sai Najeriya, a kira shi mataimakin likita, ya zauna ƙarƙashin Baturen da wataƙila bai kai shi sanin cututtukan ƙasar ba. Cikakken karatu sai da Kwalejin Ibadan ta zo a 1948, shi ma a Ingila ake ƙarasa shi, har aka buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957. Arewa kuwa tana can baya. Likitanmu na farko, Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa ne, daga hannun mishan ɗin Dokta Miller ya fito, a Birmingham ya yi karatu, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948. Gwamnatin Jihar Arewa ta gwada buɗe tata makarantar a Kano a tsakiyar shekarun 1950, ba ta yi tsawon rai ba. Su Ishaya Audu da Umaru Shehu, daga baya Jibril Aminu, duk ta Ibadan suka bi. A zamanin da ake ƙirga likitocin Arewa da yatsu, kowannensu lardi guda ke kallonsa. In ya wulaƙanta wani da safe, kafin la'asar an ji a fada.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ishaya Audu, likitan yara wanda ya riƙa duba Sardauna, ya zama shugabanta a 1966, aka buɗe tsangayar likitanci a 1967, aka haɗa mata asibitin Tudun Wada a Zariya da na Kaduna da na Malumfashi. A 1972 rukunin farko suka fito. Ba da daɗewa ba na shiga makarantar jinya a Tudun Wadan, saboda haka ɗaliban likita na shekarun nan tare muka yi kwanan aiki, tare muka sha shayin tsakar dare.

A nan zan ɗan zauna, don abin da yaran nan suka gani da idonsu shi ne maganata. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya koyar da cututtukan manya a Zariya daga 1969 zuwa 1977, shi da abokan aikinsa sun lura masu jego na ta zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza, da yawan da littattafan Ingila ba su san da shi ba. Ba su tsaya a rubuta magani ba. Sai da aka bi diddigin abin da mai jego ke yi a cikin arba'in: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa kwano bayan kwano. Daga nan suka danganta ciwon da nauyin da gishirin kanwa da zafin ke ɗora wa zuciya, musamman in haihuwar ta faɗo a bazara. Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema can bakin teku, ya sa an rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere tsakanin 1976 da 1979, kuma abin da ya fito shi ne wanda mu ungozomomin asibiti muke gani kullum ba mu da lissafinsa: masu mutuwa galibi matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, ba su shiga aji ba, ba a kawo su ba sai da naƙuda ta kwana ta wuni. Brian Greenwood yana kan sanƙarau, David Warrell yana kan saran kububuwa, Umaru Shehu yana sashen lafiyar al'umma, ana kwasar ɗalibai a kai su Malumfashi su shiga ƙauyuka su leƙa rijiya su auna yara. Ba na tuna an taɓa tara su a aji an ce musu su girmama talaka. Sun dai ga babban malami ya ɗauki kumburin ƙafar matar manomi da muhimmancin da har zai rubuta shi duniya ta karanta. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu ba ya mance irin wannan.

Da yawa daga ɗaliban ba Hausawa ba ne, mu ne tafintocinsu. Akwai wani ɗan kudu, siriri mai tabarau, da ke yawo da ɗan littafi a aljihun farar rigarsa yana rubuta gaisuwa. In ya zo gadon dattijo sai ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu Baba, yaya jiki?" ya jira amsa har ƙarshenta kafin ya taɓa shi. Hausarsa ta sa mu dariya, amma majinyata shi suke tambaya in bai zo ba. Abin da ya fi ba irinsu wuya shi ne kunya. Mace mai cikin fari ba za ta faɗi abin da ke damunta a gaban surukarta ba, wata ko sunan wurin da ke ciwo ba za ta kama ba. In kuma tiyata ta taso sai ta ce a jira maigida, maigida yana kasuwar wani gari, jini na zuba. A takarda, izinin majinyaci abu ne mai sauƙi, a karanta masa ya dangwala yatsa. A ɗakin haihuwa da ƙarfe ukun dare, izini yana nufin a sami wanda zai durƙusa ya lallashi tsohuwar da ta rako ta, a aika a nemo wan miji, kuma a tabbata ita mai cikin ta ji abin da za a yi mata da kunnenta. Ɗalibin da ya ga likita ya yi wannan wahala, shi ma zai yi. Wanda ya ga an kama yatsa an dangwala, shi ke nan ya koyi gajeriyar hanya.

Ɗaliban kuma sun san wa ya biya karatunsu. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta soke kuɗin karatu a jami'o'i, abinci da tikiti ne mai rangwame, jihohi na ba da alawus. Da aka ƙara kobo 50 a kuɗin abincin yini a 1978, ɗalibai suka yi boren Ali Must Go, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. In sun gama kuma bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973, ta jefa su asibitin da su kaɗai ne likita a faɗin ƙaramar hukuma. Ba duka ne suka ɗauki abin a matsayin bashi ba, amma aƙalla in ka ce da ɗayansu talaka ne ya karantar da kai, ba zai ce ƙarya kake ba.

Kada dai in shafa wa zamanin zuma. Tsarin da makarantun ƙasar nan suka gada daga Ingila yana da nasa girman kai. Babban likita a gaba, na ƙasa da shi a baya, ɗalibai a can ƙarshen layi, mu kuma muna rungume da fayil. A wani asibiti da na koma bayan aure akwai babban likitan da ba ya kiran majinyaci sai da lambar gado da sunan cuta, yana kuma jin daɗin tozarta ɗalibi a gaban jama'a har yaro ya rasa inda zai sa kansa. Abin da na lura shi ne, yaron da aka yi wa haka da safe, da yamma shi ke daka wa mai jinya tsawa don ta tambaye shi sau biyu. Wulaƙancin gangarowa yake yi, kuma a kan mai tabarma a baranda yake tsayawa.

Sai kuɗin mai ya ja baya. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Sani Abacha da kansa ya ce asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani ba kayan aiki. Likitoci suka shiga yajin aiki a 1985, gwamnatin Buhari ta haramta ƙungiyoyinsu ta tsare shugabanni, har da Beko Ransome-Kuti. A 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya naira, manyan malaman asibiti suka fara kwarara Saudiyya. Waɗanda suka rage da yawa suka buɗe nasu asibitin a cikin gari don su rayu. Abin da ɗalibin wannan zamani ya tsaya yana kallo daban ne. Ya ga ana yaga takarda ana rubuta wa dangi jerin sayayya, safar hannu, auduga, sirinji, ruwan ƙari, zaren ɗinki, a ce su ruga kemis kafin a taɓa mara lafiya. Ya ga malaminsa ya leƙo da safe ya ɓace, ya kuma ji ana raɗa wa mai hali cewa in yana son a yi aikin da wuri ya same shi a wancan wurin da yamma. Allurar dare ce ta dawo, ta sami gini da allo a ƙofa.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya yi gwajin sabon maganinsa Trovan da yara wajen 200, aka ba kusan rabi sabon, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya tsaya a kan cewa an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce gwajin bai bi ƙa'ida ba, ta kuma bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan, da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, mu da muke bi gida-gida mun sha jin sa a bakin ƙofa. Abin da ya sa na kawo shi: a shekarar da aka yi gwajin, babu jami'ar kuɗi ko ɗaya mai lasisi a Najeriya. Duk likitan gida da ya sa hannu, da wanda ya gani ya yi shiru, da wanda ya gani ya ɗaga murya, ba daga cikinsu ya fito ba.

An taɓa gwada jami'o'in kuɗi bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli a 1983, soja suka rufe su da doka a 1984, wata dokar ta 1993 ta sake buɗe ƙofa, sai a 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion a Okada, Babcock a Ilishan-Remo, da Madonna a Okija. Igbinedion ce ta fara yaye likitoci. A Arewa, Jami'ar Bingham ta cocin ECWA ta zo a 2005, ta mai da tsohon asibitin mishan na Jos, wanda kowa ya sani da Jankwano, asibitin koyarwarta. Abuja ma ta samu nata, irin su Nile da Baze. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa "jami'ar kuɗi" ba abu guda ba ne. Makarantar da ta gaji asibitin da talakawa suka saba cikawa shekara da shekaru, ba ɗaya take da wadda ta gina sabon bene tana jiran marasa lafiya su gano hanya ba. Dukkansu dai, da na gwamnati da na kuɗi, majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda asalinta ya koma 1963, ita ke yanka musu adadin ɗalibai, ta aiko masu duba, ta kuma rantsar da yaran da rantsuwa iri ɗaya da aka ɗauko daga sanarwar Geneva ta 1948.

Yaran da na gani a asibitin kuɗin da na yi aiki, gaskiya suna da ladabi. Suna zuwa a kan lokaci, riga a goge, "Ina kwana Mama" ba ta yankewa. Ajinsu ƙarami ne, malami ya san sunan kowa, ba yajin aiki, shekara shida shekara shida ce. Ba a tozarta su, su ma ban ga suna tozarta kowa ba. Matsalarsu majinyata. Hajiyar da ta biya ɗaki ita kaɗai, da ta ga matasa huɗu sun biyo likita sai ta ce, "Dokta, ban da ɗalibai," kuma haƙƙinta ne, ba mai musa mata. To ina za su koyi karɓar haihuwa? Sai a zuba su a bas a kai su babban asibitin gwamnati, inda matar da ba ta da kuɗin cewa a'a take kwance. Can kuma baƙi ne, ba su san ta jiya ba, ba za su gan ta gobe ba, sun zo cike littafin sa hannu ne su koma. Akwai kuma darasin da ba a rubuta a manhaja ba. Wata rana da dare aka kawo wani ɗan acaba da mota ta buge, mai karɓar kuɗi ya ce sai an ajiye wani abu kafin a buɗe kati, alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a juya mai neman agajin gaggawa ko da wane dalili. Wata ɗaliba na tsaye a gefena. Da aka fita da shi ta ce, "Mama, haka ake yi?" Na ce, "'Yata, haka aka yi yau." Abin da ke damuna shi ne sau nawa za ta gani kafin ta daina tambaya.

A ɓangaren gwamnati kuwa majinyata sun yi yawa har sun zama ba a ganinsu. Yaron da ya fito daga can hannunsa ya faɗa, zai sa wa jaririn da ya bushe ƙarin ruwa da hasken waya. Amma yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun mai da shekara shida ta zama takwas ko fiye, ya fito a gajiye da jin cewa ƙasar ta cuce shi. Wanda ke koya masa aiki a zahiri ba farfesa ba ne, ƙaramin likita ne da ya kwana biyu bai ga gadonsa ba, yana kuma bin gwamnati albashi. Na taɓa shiga ɗakin haihuwa a wani asibiti na tarar ɗalibai sun yi layi a kan wata yarinya mai haihuwar fari, kowa na jiran ya sa safar hannu ya auna buɗewar mahaifa, ita kuwa ta juya fuska bango ta cusa mayafi a baki. Na tare na gaba na ce, "Ɗana, ka tambaye ta?" Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na raini ba. Ba mugu ba ne. Ba a taɓa yin tambayar a gabansa ba.

Rabe-raben ma ya daɗe da cakuɗewa. Saboda ƙarancin likitoci mata, gwamnatocin jihohi irin su Kano sun riƙa ɗaukar 'yan mata da kuɗin jama'a suna kai su jami'o'in Sudan da Masar, da yawansu masu zaman kansu, irin Ahfad ta mata zalla a Omdurman. 'Yar talaka ce, gwamnati ta biya, makarantar ta kuɗi ce, a jikin talakan Sudan ta koya, in ta dawo sai ta ci jarrabawar MDCN kafin ta taɓa kowa. A wane layi za a sa ta? Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a Afrilun 2023 aka kwaso su ta iyakar Masar da Port Sudan, wasu a shekarar ƙarshe, aka shiga neman inda za su ƙarasa.

Tun da ƙungiyoyin likitocin Amurka da Turai suka fitar da kundin ɗa'ar aikin likita a 2002, masu bincike suka sami abin aunawa. Sai a raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, ta gwamnati daban ta kuɗi daban: ko ka yarda a gaya wa majinyaci gaskiya, ko ka yarda a riƙe sirrinsa, ko za ka kai rahoton abokin aikin da ya yi kuskure. Na taya rabon irin takardun nan. Ba na raina su, amma yaron da ya ci jarrabawar shiga likitanci ai ba zai kasa gane amsar da ake so ba. Wanda ya zaɓi "na yarda ƙwarai" a kan riƙe sirri, shi ne za ka gani da yamma ya ɗauki hoton ƙafar wani mai ciwon suga ya tura zauren WhatsApp na ajinsu, fuskar mutumin a ciki, kuma a ransa karatu yake yi. Wannan na gan shi a ɓangarorin biyu, ba bambanci. Haka maganar tafiya waje. Ana cewa ɗan jami'ar kuɗi dole ya tafi, don ubansa ya sayar da fili ya zuba miliyoyi, albashin gwamnati kuwa ba zai mayar ba. Gaskiya ne. Amma ɗan gwamnatin ma tun yana aji biyar yake haddar tambayoyin jarrabawar Ingila. Da wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudiri a 2023 cewa sai likita ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi, da murya ɗaya suka yi masa ca.

Gwamnatin da ta hau a 2023 ta sanar da ninka gurbin ɗaliban likitanci daga wajen 5,000 zuwa 10,000, don cike giɓin masu tafiya. Ban ji an ninka gadaje ba, ko malaman da za su tsaya a bakinsu. Lissafin a ƙarshe a kan yarinyar can mai mayafi a baki zai sauka, layin da ke gabanta ne zai ƙara tsawo, 'yan gida da waɗanda bas ta kawo.

Kwanakin baya ƙanena ya zo da takardun makarantu biyu masu sheƙi, 'yarsa ce ke son likitanci. Ya ce, "Yaya, ke kika san harkar nan, wacce za mu zaɓa?" Na ce ya ajiye takardun ya je da ƙafarsa. Ya tambayi mata nawa ke haihuwa a asibitinsu a wata, ko manyan likitocin a garin suke kwana ko ranar Talata kawai suke zuwa daga wata jami'ar, ya kuma koma da dare ya zauna a benci a sashen gaggawa ya ga yadda ake karɓar wanda ya zo ba ko sisi. Ya je ɗaya daga ciki. Ya ce an zaga da shi ɗakin karatu, da ɗakin kwanan 'yan mata mai na'urar sanyaya ɗaki, da wani ɗaki cike da mutum-mutumin roba masu numfashi har da mai naƙuda. Da ya yi tambayar haihuwa sai jami'in ya duba wannan fayil ya duba wancan, daga ƙarshe ya ɗaga waya ya ce a kira masa metiron.